Abin da ya sa ganyen shinkafa ke naɗewa da tsakar rana

Wata Asabar cikin watan Maris na bi kawuna zuwa gonarsa ta noman rani a fadamar Argungu. Injin ban ruwa ya kwana biyu bai tashi ba saboda tsadar fetur, ƙasa ta fara tsattsagewa a gefen kunya. Wajen ƙarfe ɗaya na rana ganyen shinkafar duk ya nannaɗe, ya koma siriri kamar ganyen albasa. Kawu ya tsuguna ya shafa wani tushe, ya ɗago ya ce da ni, "Ɗana, ku da kuke koya wa yara ilimin tsirrai, me ya sa take naɗewa da rana, in La'asar ta yi sanyi kuma ta warware da kanta, alhali ko ɗigon ruwa ba a ƙara mata ba?"

Tambayar ta fi ƙarfin abin da muke rubuta wa ɗalibai a allo. A aji muna cewa ganye yana haɗa ruwa da iskar kabon-dayokside, da taimakon hasken rana, ya fitar da sukari da iskar oksijin, sunan aikin kuma fotosintesis. Yara su haddace, su zuba a jarrabawar WAEC ko NECO, su wuce. Abin da ke damuna da wannan layi ɗaya shi ne yana sa yaro ya ɗauka ganye tukunya ce da ake zuba kayan miya a ciki a juya. Alhali babu ko ɗaya daga cikin kayan nan da ke isa wurin girkin sai ya ƙetare katanga bayan katanga, kuma abin da aka girka ma sai ya ƙetare wasu kafin ya zama ƙwayar shinkafa. Wanda ya gane katangun nan ya gane rabin abin da ke faruwa a gona.

Jikin shuka, kamar namu, an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani. Kowane ɗaki yana lulluɓe da tantani. Bahaushe ya san tantani a jikin kalangu da kuntigi, to wannan ya fi su sirantaka nesa ba kusa ba: sai an jera kamar dubu goma kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Da maiƙo aka yi shi, layi biyu, an juya ɓangaren da ke son ruwa waje, an ɓoye wanda ke gudun ruwa a tsakiya. Tun da mai da ruwa ba sa shiri, duk abin da ya narke a ruwa, musamman gishiri da danginsa masu ɗauke da cajin lantarki, ba ya iya ratsa tsakiyar nan. Sai dai ta ƙofa. Ƙofofin kuwa sunadaran furotin ne da ke dashe a cikin maiƙon, kowace da irin baƙon da take bari ya wuce. Wasu masana biyu a Amurka, Singer da Nicolson, su suka fito da wannan siffa a 1972, kuma har yau ita ake koyarwa.

Iska ita ce ta fi kowa samun sauƙi. Kabon-dayokside da oksijin ƙanana ne, ba su da caji, suna iya sulalewa ta cikin maiƙon kansa. Tafiyarsu irin ta turaren wuta ce: a kunna shi a ƙuryar ɗaki, ba wanda zai tura ƙamshin, zai bazu da kansa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Kabon-dayokside ɗin da ke cikin iskar da muke shaƙa kaɗan ne ƙwarai, kimanin 420 cikin miliyan. Amma da yake cikin ganye ana cinye shi ba tsayawa muddin da rana, kullum ciki ya fi waje ƙaranci, shi ya sa yake ta kwarara ciki. Zai shiga ta 'yan ƙananan bakuna da ke jikin ganye, ya narke a damshin bangon ƙwayar halitta, ya ratsa tantaninta, sannan ya ratsa wasu tantani biyu da suka kewaye kuloroflas, wato ɗan koren madafin da ake girkin a cikinsa. Ƙwayar halitta ɗaya ta ganye tana da gommai na waɗannan madafai.

A bakunan nan matsalar kawu take. Ana kiran su sitomata, kuma a ganyen shinkafa akwai ɗaruruwansu a wurin da bai kai girman ƙwayar gero ba. Ƙofar da kabon zai shiga, ta nan ruwa ke fita. Cikin ganye jiƙe yake sharkaf, iskar Argungu ta watan Maris kuwa a bushe take ƙayau, don haka duk ƙwayar kabon ɗaya da shinkafa ta kama, tana biyan ɗaruruwan ƙwayoyin ruwa. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta zuƙo ta nan yake tafiya sama. Wato kaso mai tsoka na fetur ɗin da manomi ya ƙona wajen ban ruwa, kuɗin buɗe ƙofa ne ya biya.

Kowane baki yana da masu gadi biyu, ƙwayoyin halitta ne su ma. A wake da tumatir siffarsu kamar ƙwayar wake, a shinkafa da gero da dawa kuwa kamar taɓarya biyu a jere, sirara a tsaka, masu kauri a kai da gindi. Da gari ya waye haske ya taɓa su, sai wani famfo da ke cikin tantaninsu ya tashi, ya riƙa tura furoton waje. Furoton shi ne ƙwayar haidurojin mai caji, ita ke sa abu ya yi tsami. Wannan turawa da ƙarfi ake yin ta, kamar ɗaga ruwa daga rijiya zuwa kan tudu, sai an kashe makamashi. Da furoton ya fita, cikin mai gadi ya yi ƙarancin irin cajinsa, sai fotasiyam, mai irin wannan caji, ya ruga ciki ta tasa ƙofar. Fotasiyam ɗin nan shi ne K ɗin da ke rubuce a buhun takin kamfa. Da ya taru, sai ruwa ya biyo shi, masu gadi su kumbura, baki ya wage.

Me ya sa ruwa ke bin gishiri? Duk matar da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko tumatir ta ga ruwa ya tsattsafo. Idan tantani ya raba ruwa biyu, ɗaya tsinkakke ɗaya mai kaurin gishiri ko sukari, ruwa yakan ƙetara zuwa wajen mai kauri. Wannan shi ne osmosis. An daɗe ana mamakin yadda ruwa ke wucewa da sauri haka ta cikin maiƙo, sai a 1992 Peter Agre da abokan aikinsa suka nuna cewa ruwa ma yana da tasa ƙofar, akwaforin, wadda ke barin ƙwayoyin ruwa su wuce ɗaya bayan ɗaya a layi. Ya sami kyautar Nobel a kan haka a 2003. Tsirrai suna da ire-iren wannan ƙofa da yawa, shinkafa kaɗai tana da sama da talatin.

To in rana ta take kuma ƙasa ta bushe, ruwan da ke fita ta ganye ya fi wanda saiwa ke kawowa. Sai shuka ta saki wani sinadarin saƙo da ake kira ABA, masu gadi su zubar da fotasiyam, ruwa ya bi shi waje, su saki jiki, baki ya rufe. A saman ganyen shinkafa kuma akwai jerin wasu manyan ƙwayoyin halitta masu cike da ruwa. In suka motse sai ganye ya naɗe, ya rage fuskar da rana ke duka. Da yamma iska ta sassauta, saiwa ta cike giɓi da ɗan damshin da ya rage, sai ganye ya warware. Abin da na nanata wa kawu shi ne warwarewar yamma ba ta nufin ba a yi asara ba. Duk sa'o'in da bakin nan ke rufe, kabon ba ya shiga, girki ya tsaya cak a daidai lokacin da haske ya fi yawa. Ranakun nan suna fitowa a awo ranar sussuka.

Dokar ruwa da gishirin nan ce kuma ke bayyana ƙunar taki. Matashin manomi ya zuba yuriya ko kamfa tuli guda a gindin shuka cikin busasshiyar ƙasa, yana ganin gata ya yi mata. Ruwan ƙasar wurin ya fi na cikin saiwa kauri, sai tafiya ta juya, ruwa ya riƙa fita daga saiwa. Yuriya kuma tana sakin amoniya mai ƙona saiwa in ta taru wuri ɗaya. Dattawa da ke cewa a ba da tazara, a kuma jira ƙasa ta yi laima, gaskiya suka faɗa tun kafin mu san sunan abin.

Akwai wani abu da nake so a nan, ko da ya ɗan kauce. Ƙaiƙayin da buntun shinkafa ke sa wa, da kaifin ganyenta da ke yanka hannu, daga silika ne, dangin yashi. Shinkafa tana zuƙo shi daga ƙasa har ya kai kusan kashi goma cikin ɗari na busasshen karanta, kuma a 2006 masana a Japan suka gano ƙofar da yake shiga ta saiwa. Ashe ita ma 'yar gidan akwaforin ce.

Yanzu mu shiga cikin madafin, don a nan ne abin ya fi ban mamaki. A cikin kuloroflas akwai wasu 'yan jakunkuna fale-fale, an jibga su kan juna kamar faya-fayi. Sunansu tailakoid. A jikin tantaninsu koren sinadarin nan kulorofil yake zaune, kowace ƙwayarsa da magniziyam ɗaya a tsakiya. In haske ya faɗo, sai ya fizge ilektaron, wani ɗan mitsitsin abu mai ɗauke da cajin lantarki, daga kulorofil. Don a mayar da gurbinsa, wani ɗan gungu mai manganis huɗu da kalsiyam ɗaya yakan fasa ƙwayar ruwa. Oksijin ɗin da ya fito ya sulale waje ta hanyar da kabon ya shigo, shi muke shaƙa. Furoton ɗin ruwan kuwa cikin jaka ake zubar da shi. Ilektaron ɗin da aka fizge yana ta miƙawa hannu zuwa hannu cikin tantanin, kuma a kan hanya ana amfani da ƙarfinsa a ƙara kwaso furoton daga waje a jefa cikin jaka. Cikin ɗan lokaci jaka ta yi tsami, wajenta ya rage tsami, har yawan furoton na ciki ya ninka na waje sau ɗari ko fiye.

Mutanen Yawuri za su fi kowa saurin gane wannan. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan Neja ya taru a bayanta har ya kai ƙasarsu. Ruwan da ke sama da wanda ke ƙasa duk ruwa ne, amma da yake katanga ta raba su, na saman yana da ƙarfin da zai juya injin wuta in aka ba shi hanya ɗaya tak. Tantanin jakar nan madatsa ce. Hasken rana shi ke cika tafkin da furoton. Hanyar fita ɗaya ce, ta cikin wani furotin da ake kira ATP sintes, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai tun ranar da na fara karanta shi: furotin ɗin nan juyawa yake yi da gaske, kamar farfela. A irin wanda aka auna a ganye, furoton 14 ke ba shi zagaye ɗaya, kowane zagaye kuma ya ƙera ATP uku. ATP shi ne kuɗin kashewa na ƙwayar halitta. Da shi ake biyan aikin ɗaure kabon ya zama sukari, kuma irinsa famfon masu gadi ke ci.

Wanda ya fara faɗin haka wani Baturen Ingila ne, Peter Mitchell, a 1961. Manyan masana na lokacin ba su yarda ba, sun shafe shekaru suna neman wani ɓoyayyen sinadari da suke zaton shi ke kai ƙarfin haske wurin ATP. Mitchell ya ce babu shi, bambancin ciki da waje shi ne sirrin. A 1966 André Jagendorf a Amurka ya yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Ya jiƙa jakunkunan nan cikin ruwa mai tsami, lamba 4 a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ƙaramar lamba a kansa ke nufin tsami mai yawa, har tsamin ya shige su, sannan ya juye su farat ɗaya cikin ruwa mai lamba 8, duk a cikin duhu. Sai ga ATP ya fito babu ko ƙyallin haske. Ya cika tafkin da hannunsa, injin ya juya. Mitchell ya karɓi Nobel a 1978. Ina ganin wannan gwaji ya cancanci shiga kowane ajin sakandare a Kebbi, domin yaron da ya ji shi ba zai sake ɗaukar tantani a matsayin ledar ƙunshi kawai ba.

Wani kyakkyawan tsari kuma: yayin da furoton ke shiga jaka, magniziyam yana fitowa daga cikinta zuwa filin madafin. Ƙaruwar magniziyam da raguwar tsami su ne ke tayar da rubisko, sinadarin da ke kama kabon. Haka madafin ke sanin gari ya waye.

Da wannan za a gane aikin maganin ciyawa da muke fesawa. Mai suna Paraquat a jikin galan yana sace ilektaron daga layin nan da ake miƙa shi hannu zuwa hannu a tantanin jaka, ya miƙa wa oksijin, sai oksijin ya zama dafi mai cin maiƙo, tantani ya farfashe, ruwan ƙwayoyin halitta ya tsiyaye. Shi ya sa ciyawa ke ƙonewa cikin kwana ɗaya in rana ta buɗe. Dafin nan bai san bambancin tantanin ciyawa da na huhun mutum ba, kuma ba shi da makari. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga yaro da goyon famfon feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ko in ga an ɗura ragowar magani a gorar lemo an ajiye a ɗaki. Propanil kuwa, wanda masu shinkafa suka sani, toshe layin ilektaron yake yi; shinkafa tana tsira ne saboda tana da sinadarin da ke narkar da shi kafin ya yi mata illa, ciyawar kuma ba ta da isasshensa.

Rubisko yana da rauni biyu. Na farko, jinkiri gare shi, kabon kamar uku kawai yake kamawa a daƙiƙa, shi ya sa ganye ke tara shi jingim, kuma kaso mai tsoka na yuriyar da aka zuba a cikinsa yake ƙarewa. Sannan yakan yi kuskure ya cafki oksijin a madadin kabon, kuskuren kuma yana ƙaruwa in zafi ya tsananta ko baki ya rufe. Gyaran kuskuren yana iya cinye kusan rubu'in kabon da aka kama. Gero da dawa da masara da rake sun sami mafita: suna fara kama kabon a ƙwayoyin halitta na waje, su mayar da shi wani sinadari mai kabon huɗu, su tura shi ta 'yan kafofi zuwa wani zobe na ciki mai kewaye da jijiyar ganye, a can su sake shi ya taru a kan rubisko har oksijin ya rasa wuri. Hatch da Slack suka fayyace wannan hanya a Ostareliya a 1966. Saboda haka gero ke iya tsuke bakinsa ya ci gaba da girki, da kusan rabin ruwan da shinkafa za ta sha. Ba banza ba kakanninmu suka bar wa gero tudu da jigawa, suka kai shinkafa fadama. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifins da abokan aikinta sun fara yunƙurin dasa wa shinkafa wannan dabara tun 2008, aikin bai kai gona ba tukuna.

Saura fitar da kaya. Abin da madafi ke samarwa ɗan guntun sukari ne mai kabon uku, da fosfet maƙale a jikinsa. Ƙofar da ke tantanin ciki na kuloroflas musaya take yi, ba-ni-in-ba-ka: ba ta fitar da guntun sukari ɗaya sai an shigo mata da fosfet ɗaya. Fosfet shi ne P ɗin kamfa, shi ne kuma abin da takin supa ke bayarwa. In ya yi ƙaranci, kaya su maƙale a madafi su zama sitaci, girki ya ja baya ko da ganyen yana shan rana. Wanda ya fita kuwa a haɗa shi ya zama sukari irin na rake, ya nufi jijiyar da ke rarraba abinci. A bakin jijiyar akwai ƙofofin sukari, wasu na fitarwa, wasu na shigarwa da taimakon furoton. Sukari ya taru a jijiya, ruwa ya biyo shi, matsin ya tura ruwan zaƙin zuwa saiwa da zangarniya. Farin ruwan nan kamar madara da ke fita in ka matse ɗanyar ƙwayar shinkafa, wanda jan-baki ke rububi a kai, ƙarshen tafiyar ke nan. Ƙwayar cutar bakteriya da ke busar da ganyen shinkafa daga baki-baki ta san wannan hanya: tana tilasta wa shuka ta ƙera ƙofofin fitar da sukari masu yawa, sukari ya zubo mata inda take kwance.

Kawu ya saurare ni har nan, sannan ya kawo abin da ya fi ci masa rai, ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a faɗin Kebbi, har da tasa. Ya ce, "Shinkafa 'yar ruwa ce, me ya sa ruwa ya kashe ta?" Na ce, Kawu, ƙafarta ce ke son ruwa, hancinta iska yake so. Tana da hanyoyin iska a cikin kara da ke kai oksijin daga ganye zuwa saiwa, shi ya sa take tsayawa cikin ruwan da zai ruɓar da masara. Amma iska tana tafiya cikin ruwa a hankali, kusan sau dubu goma ƙasa da yadda take tafiya a sarari. In ruwa ya shanye ganye, ga laka ta tare haske, kabon ba ya isowa, oksijin ma haka. Shinkafar da aka saba shukawa sai ta kwashe ɗan sitacin da ta tara ta yi ta miƙa wuya don ta kai sama, ta ƙone guzurinta, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Akwai irin da ke ɗauke da wani gado da ake kira SUB1, wanda ke sa shuka ta lafa ta tsimi abincinta, ta iya jure nutsewa har kusan mako biyu. FARO 66 da FARO 67, da aka fitar wa manoman Najeriya a 2017, suna cikinsu. Kawu FARO 44 ya saba shukawa, kamar yawancin maƙwabtansa. Ya yi shiru yana kallon ɓangaren gonar da ya fi kwari, can wajen gulbi, inda ruwa ke fara kwanciya duk shekara, ya ce in nemo masa mudu biyu ya gwada a nan da damina.